Gefen Injiniya

Ranar Talata ce, hantsi ya ɗaga. Mama Tela tana durƙushe gaban wata mai kaya tana kama mata kalmasar riga, allurai uku a bakinta, sai ga yayanta ya shigo tsakar gida babu sallama. Tunda ta yi wayo ba ta taɓa ganin ya shiga gidan kowa babu sallama ba. Ya tsaya a ƙofar ɗakin ɗinki, ya cire hularsa ya riƙe.

Ta zare alluran daga bakinta ɗaya bayan ɗaya, ta soke su a gefen zaninta.

"Yaya, wane ne?"

"Injiniya ce. Motar da suka shiga ta kife a hanyar dawowa."

Injiniya 'yarta ce, ita kaɗai Allah Ya bar mata. Ba karatun injiniya ta yi ba. Tana 'yar shekara tara ta kwance rediyon mahaifinta ta mayar, har ya fi da kamawa, shi ke nan unguwa ta liƙa mata sunan. Da ta girma ta shiga gyaran kwamfuta a wani shago da ke layin masu waya, ita kaɗai mace a cikin maza. Ta yi aure, ta haifi 'ya ɗaya da ake ce wa Ƙarama. A lokacin da labarin ya zo, Ƙarama tana barci a kan tarin ƙyallaye a bayan keken ɗinki.

Washegari aka kawo jakarta. A ciki akwai kwamfutar mijinta, wadda ta ɗauka za ta canza mata batir, ta lotse kamar kwanon da mota ta taka. Akwai 'yan kayan gyara, akwai tarin makullanta da wani ɗan jan filas a rataye, 'yar ma'ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta. Mama Tela ba ta yi kuka gaban waɗanda suka kawo ba. Ta ɗauki makullan ta rataye a ƙusar da ke saman keke, inda take rataye tef ɗin awo.

Akwai wata kwamfutar a ɗakin ɗinkin, a kan tebur ɗin yanka, wajen taga. Ta Injiniya ce da mijinta, su biyu suka saya, amma shekara biyu ke nan tana wurin Mama. Mama Tela ba ta yi nisa a makaranta ba. Haruffa sai ta bi su da yatsa, amma lamba ko daga nesa ba ta ɓace mata, shekara arba'in tana karanta tef. A da tana rubuta awon masu kaya a bayan kwali, kwalin ya ɓata, a yi ta rigima. Sai Injiniya ta zauna sati guda ta haɗa mata littafin awo a cikin kwamfutar. Hoton mai kaya ya fito, lambobinta manya-manya a gefe: kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawo. Babu rubutun da zai wahalar da ita.

Ba ta tsaya nan ba. Ta naɗi muryarta kashi bakwai, kowace rana da tata, ta ƙulla su yadda da an kunna sai ta yi magana. Ranar Litinin ta ce, "Mama, kin sha maganin hawan jinin? Kar ki yi mini ƙarya." Ranar Juma'a ta ce, "Mama, yau ki huta, masu kaya ba za su yi yawo tsirara ba." Duk wannan a kan wani tsarin tafiyar da kwamfuta ne da Injiniya ta zaɓa ta sa da hannunta, ba irin wanda ake samu a ofisoshi ba. Ta ce shi ne yake barin mutum ya yanka shi ya ɗinke yadda yake so.

Bayan an watse daga zaman makoki, Mama ta koma keke. Kullum da safe sai ta kunna, ta ji maganar ranar, sannan ta ɗauki almakashi.

Wata biyu da rasuwar, surukinta ya zo da Ƙarama kamar yadda yake kawo ta kowace safiya, amma bai juya ba. Mai zanen gine-gine ne a wani ofis, mutum mai sanyin magana. Ya rame har agogonsa yana zamewa. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta sau biyu, sai ta gane akwai magana.

"Baban Ƙarama, faɗi abin da ke bakinka."

"Mama, wajen aiki ne. Kin san tawa ta lalace a hatsarin. Wata biyu ina aron ta abokan aiki. Yanzu sun ce in ban zo da tawa ba zuwa ƙarshen wata, za su ba wani kujerar."

"To ga ta nan, ka ɗauka da safe ka dawo mini da ita da yamma. Ai taka ce."

Ya sunkuyar da kai. "Abin da nake zane da shi ba ya hawa kan tsarin da ta sa. Na tambaya. An ce sai an share ta gaba ɗaya an sa irin na ofis."

"A share."

"Za a kwashe miki hotuna da muryar a ajiye, Mama. Ba abin da zai ɓata."

"Littafin awon fa? Zai buɗe a naku?"

Ya girgiza kai.

"In na kunna ranar Litinin za ta tambaye ni magani?"

"Za ki iya dannawa ki ji ta duk lokacin da kike so."

"Ban tambaye ka in zan iya dannawa ba."

Ya shafa kan 'yarsa ya tafi. Da la'asar sai ga Yaya, ta san kuma surukin ne ya je wurinsa. Ya zauna a kujerar masu kaya, ya jingine sandarsa, ya fara da nasiha. Ya ce haƙuri ba a baki yake ba. Ya ce mata a unguwa suna cewa tana hira da na'ura kullum da safe kamar wadda ta zautu. Ya ce yaron nan shi ke ciyar da jikarta, in ya rasa aiki wa zai ɗauka.

"Wadda ta tafi ta tafi, ƙanwata. Ba ta cikin ƙarfen nan."

Mama Tela ta tsayar da keke. "Yaya, ni na ce maka tana ciki? Ina wurin aka yi mata sutura. Na san inda take. Aikinta ne a ciki. Rigar da na ɗinka maka wancan shekarar, in na mutu za ka farke ta ka yi tsumma don na tafi?"

"Wannan daban."

"Da me ya bambanta? Don ni zare na sa, ita ta sa abin da ba ka gane ba?"

"To ya kike so a yi da yaron?"

Wannan tambayar ce ta bi ta har kwana biyu. Tana son surukin nan. Ba ta taɓa jin ya ɗaga wa 'yarta murya ba. Amma duk lokacin da ta dubi tebur ɗin nan ta tuna kalmar sharewa, sai ta kawar da kai.

Rana ta uku tana shimfiɗa yadi guda za ta fitar wa wasu 'yan biyu riguna, ta ja alli a tsakiya, sai hannunta ya tsaya. Ta tuna wata Asabar, Injiniya zaune a ƙasa a ɗakin nan, kwamfutar wani malamin makaranta a cinyarta, tana tauna bakin biro. Ta tambaye ta me take yi tun safe. Ta ce, "Mutumin yana son tsari biyu a cikin guda ɗaya, Mama. Kamar yadinki ne, a tsaga a fitar da riga biyu. In ya kunna sai ta tambaye shi wanne zai shiga." Ta tuna ma daga baya yarinyar ta yi tsaki, ta ce wani abu a kan na ofis ɗin, wai ba shi da kunya. Sauran maganar ta kwance mata.

Ta ajiye allin. Da surukinta ya zo ɗaukar Ƙarama ta tare shi tun daga zaure.

"Ranar Talata ka nemi izini a wajen aiki. Za mu je shagonsu. Ba za a share ba, tsagawa za a yi."

"Mama, wanda na tambaya ya ce..."

"Wanda ka tambaya ya fi matarka sani?"

Ranar Talata ta bar Ƙarama wurin maƙwabciya, ta naɗe kwamfutar a cikin sabon yadi ta rungume. Har ta kai ƙofa ta dawo ta ciro makullan Injiniya daga ƙusa, don ta mayar musu da makullin shagonsu. Yaya ya ce shi ma zai bi ta ita da surukin, wai don kada ta ba su kunya a cikin mutane.

Shagon ɗan ƙarami ne, tsakanin mai sayar da caja da mai liƙa gilashin waya. Matattun kwamfutoci jibge har rufi, fanka tana juyawa tana kaɗa wayoyi. Tebur biyu ne. Ɗaya an ture kayan kansa gefe, an ɗora kwalin lemo. Mama ta gane kujerar, don ita ta ɗinka matashin da ke kanta.

A ɗaya teburin abokin aikin Injiniya ne, wanda suke kira Gaggawa, saboda kafin mai kaya ya gama faɗin matsalarsa ya kwance ƙusoshi huɗu. Ya miƙe ya yi mata gaisuwa, idonsa ya yi ja. Da ya ji abin da ya kawo su sai ya sosa ƙeya.

"Mama, gaskiya wannan aikin ita ce mai yin sa. Ni allo da madannai da batir. Sharewa kuwa minti arba'in na gama, tas kamar sabuwa."

"Ka taɓa ganin tana yi?"

"Na gani, amma..."

"Shekara nawa kuna zaune kafaɗa da kafaɗa?"

"Shida."

"Shekara shida, ko kyanwar shagon nan ta isa ta koya. Zauna."

Mai caja da ke leƙowa ya fashe da dariya. "Gaggawa, yau ka haɗu da birki!"

"Kai kuma koma wurin wayoyinka na jabu," in ji Gaggawa, amma ya zauna.

Mama ta ɗauke kwalin lemon ta ajiye a ƙasa, ta jawo kujerar 'yarta ta zauna dab da shi. Da fari Gaggawa ya kwashe hotuna da muryoyin ya zuba a wata ma'ajiya ta shago. Ya gaya mata gaskiya cewa littafin awon da yadda aka ƙulla muryoyin da ranaku bai san ta inda ta bi ba, in suka tafi ba zai iya mayarwa ba. Ta ce ta ji. Sannan ya soka filas ɗin shago, ya buɗe wani abu, sai ga doguwar sanda a kwance a allo, wani ɓangare mai launi, saura fari.

"Wannan shi ne cikinta duka. Giga ɗari biyar. Mai launin nan kayanta ne, ɗari da arba'in. Sai in yanka a ɗari da hamsin, in ba Oga surukinki saura."

Hannunsa har ya kai. Ta dafe shi.

"A kan layi za ka yanka?"

"Ai na bar goma."

"Goma! Kai in ka kawo mini yadi na yanka maka daidai jikinka, ranar da ka ci ka ƙoshi fa? Ana barin rara. Ina da masu kaya da ba a haifa ba tukuna. Baban Ƙarama, ɗari uku za ta ishe ka zanenka?"

"Har ta yi yawa, Mama."

"Yanka a ɗari biyu."

Gaggawa ya ja layin a hankali, tana bin lambar da ido har ta tsaya a ɗari biyu cif. Ya ce da zarar an danna ba a taɓa komai, ko wuta ta ɗauke sai addu'a. Ta tambayi batir ya cika, ya ce ya cika. Ta ce ya nuna mata wurin dannawa. Da yatsarta ta danna.

Abin ya ɗauki lokaci. Wani siririn layi yana tafiya kamar ba ya so. Yaya ya samu benci a waje yana ta duba agogo. Gaggawa ya kasa zama, ya tashi ya zauna, ya buɗe wata waya ya rufe. Mama ba ta ɗauke ido ba har sandar ta rabu biyu. Daga nan ya canza filas, ya fara zuba tsarin ofis. Da aka zo wurin da ake tambayar inda za a sa shi, ta sa ya karanta mata lambobin da ƙarfi, ta sa surukinta ya maimaita, sannan ta yarda aka zaɓi mai ɗari uku.

Azahar ta yi, suka je salla suka dawo, abin yana ta juyawa. Can sai kwamfutar ta mutu ta tashi da kanta. Mama ta gyara zama tana jiran tambayar da Injiniya ta ce ana yi.

Ba a yi tambaya ba. Allo ya yi shuɗi, wani baƙon sauti ya fito, sabon tsari ya buɗe fes, babu hoton Ƙarama, babu murya.

"Kashe ka sake kunnawa."

Ya kashe ya kunna. Haka. Ya sake. Haka dai. Zufa ta fara tsattsafo wa Gaggawa a goshi. Ya shiga nan ya fita can, ya buɗe wurin da ake ganin cikin kwamfutar. Ɓangaren ɗari biyun yana nan, amma babu suna, babu launi. Ya taɓa shi, sai wani ɗan akwati ya faɗo a tsakiyar allo.

"Me ya ce?"

Muryarsa ta yi ƙasa. "Ya ce bai ga komai a wurin ba. Wai sai an share kafin a yi amfani da shi." Ya juyo wurinta. "Mama, ki yafe mini. Ina jin wajen yankan ne ya tafi. Na gaya miki ba aikina ba ne."

Surukin ya juya ya fuskanci bango. Yaya ya shigo, ya dafa kafaɗarta, muryarsa a tausashe wannan karon.

"Kin yi iyakar ƙoƙarinki. Haka Allah Ya so. Tashi mu tafi gida."

"Tunda ya riga ya tafi," in ji Gaggawa, "bari in share wurin in haɗa wa Oga, kada ya zauna a banza."

Yatsansa yana kan hanya ta kai masa duka a bayan hannu da tef ɗin awon da ke wuyanta. Ƙarar ta sa mai caja ya sake leƙowa.

"Wallahi ka taɓa wurin nan sai na ɗinke maka yatsun nan biyar wuri ɗaya."

"Ke!" in ji Yaya. "A cikin mutane?"

"A cikin mutane, Yaya. Ba inda za ni. Wa ya ce babu komai? Wannan da ya shigo yanzu? Baƙon da ko ruwa bai sha ba shi zai gaya mini abin da ke ɗakina?"

Tana faɗin haka sai maganar da ta kwance mata ta dawo, da tsakin da komai, kamar yarinyar tana zaune a ƙasa da bironta a baki. Na ofis ɗin nan ba shi da kunya, Mama. Duk inda ya shiga sai ya cire ƙofar gidan ya sa tasa, ya yi kamar shi kaɗai ne. Ɗayan yana nan lafiyarsa ƙalau, hanyar shiga ce babu. Sai na koma da ɗan jan nan na mayar da ƙofar.

Ta kwance bakin zaninta ta fito da makullan. Ta ajiye su a gaban Gaggawa, jan filas ɗin a sama.

"Ba yankanka ba ne. Ƙofa ya cire. Ta ce kullum haka yake yi. Da wannan take mayarwa."

Gaggawa ya ɗauka yana juya shi. "Wannan ai ba ta bari kowa ya taɓa shi. Na taɓa ara ta bi ni har masallaci."

"Yau na ba ka aro. Rufe wancan akwatin tukuna. A'a za ka ce masa, ina kallonka."

Ya ce masa a'a. Ya kashe, ya soka jan filas ɗin, ya kunna yana danna wani maɓalli a sama da sauri-sauri. Wani jeri ya fito. Injiniya ta sa wa kowane abu suna da kanta, yadda take magana. Gaggawa ya bi da yatsa yana karantawa, ya zo na huɗu ya tsaya, ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da share hanci.

"Me ta rubuta?"

"Ta rubuta, in mara kunya ya cinye ƙofa."

"To me kake jira?"

Ya danna. Rubutu ya yi ta gudu fari a kan baƙi, ba wanda ya gane shi, har Gaggawan. Ya tsaya ya yi tambaya, Gaggawa ya karanta sau biyu, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, sannan ya amsa. Da ya gama ya zare filas ɗin ya miƙa mata da hannu biyu, ya kashe, ya kunna.

Allo baƙi. Layi biyu na rubutu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, da lamba a gindi tana raguwa. Goma, tara, takwas.

"Ga su nan!" in ji surukin. "Mama, ga su nan duka biyun!"

Ita kuwa tana ta lalube, jaka, cinya, kan tebur, tana son ta gani da idonta. "Ina tabarau ɗina? Wa ya ɗauke mini tabarau?"

Lambar ta kai ƙarshe, na saman ya buɗe da kansa. Hoton Ƙarama ya cika allo, da ɗan yatsa a baki. Sai muryar ta fito, ta ranar Talata, da dariya a cikinta.

"Mama, daina nema, tabarau ɗinki yana kanki."

Fanka kaɗai ke juyawa. Mama Tela ta kai hannu kan ɗankwalinta, ta sauko da tabarau ɗin ta sa. Surukin ya durƙushe a wurin, ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna rawa. Wata biyu ke nan bai ji muryar ba, don kullum kafin ya iso ta riga ta kunna. Yaya ya fita waje, ya daɗe yana gyaran murya a bakin benci.

Ta sa aka buɗe littafin awo. Ta nemi 'yan biyun nan, ta ga lambobinsu. Ta nemi matar mai nama, wadda ƙugunta ke canzawa duk wata. Kowa yana nan.

Gaggawa ya dawo da bakinsa. Ya ce saura abu ɗaya: wanne za a bari a sama, wanda zai buɗe da kansa in ba a taɓa komai ba? Yanzu na Injiniya ne a sama.

"A bar shi haka," in ji surukin.

"A'a. Sa nasa a sama."

"Mama, ke ce..."

"Kai za ka kunna a gaban oganka, kana sauri, hankalinka a wani wuri. Kana so a tsakiyar ofis ta tambaye ka ko ka sha maganin hawan jini? Sa nasa. Ni ba na mantuwa, kuma har yanzu ina iya ƙirga goma."

Gaggawa ya juya su, ya nuna mata kibiyar da ke kallon ƙasa da babban maɓallin da ke dama. Ta gwada sau uku a gabansa. Ta cire makullin shagon daga cikin tarin ta ba shi, jan filas ɗin kuwa ta ƙulle a bakin zani. Da za su fita ta ɗauki matashin kujerar ta sa a hammata.

A hanya Yaya yana gaba da sandarsa, bai juyo ba ya ce, "Tun kina yarinya kanki kamar dutse."

"Gidanmu ɗaya, Yaya."

Surukin bai rasa kujerarsa ba. Kwamfutar a ɗakin ɗinki take kwana, yana dawo da ita da yamma in ya zo ɗaukar 'yarsa. Awon da Mama za ta buƙata da rana takan duba da safe ta rubuta da alli a jikin tebur, sabon awo kuma ta shigar da yamma. Matan unguwa ba su daina magana ba, ita ma ba ta daina ba su amsa ba. Wata ta ce mata abin nan ba ya hana ta mantawa? Ta ce da ma wa ya ce tana neman mantawa.

Yanzu da safe ba ta kunnawa sai sun iso. Surukin yakan tsaya a bakin ƙofa da jakarsa a kafaɗa, ya yi kamar yana duba wayarsa. Ƙarama ta hau cinyarta. Mama Tela ta sa tabarau, ta buɗe murfin, ta jira baƙin allon nan da lambarsa. Takan bari ta kai bakwai. Sannan ta danna kibiyar ƙasa sau ɗaya, ta danna babban maɓallin.